Hoton da ya ƙi buɗewa: Yadda ake sauƙaƙa sanya hotuna a shafin intanet saboda masu karatu irin na Tambuwal da Kebbe

Duk wanda ya saba bin hanyar Sakkwato zuwa Jega, ya ratsa Tambuwal ko ya karkata zuwa ƙauyukan Kebbe, ya san yadda 'yar alamar sabis da ke saman waya take sauya kama. A tsakiyar gari tana iya nuna 4G. Da an bar bakin kwalta sai ta koma H, can gaba ta zama E, wani lokacin kuma ta ɓace ɗungurungum sai an hau tudu.

A irin wannan wuri ne ake gane shafin intanet da aka gina da tunanin mai karatu. Mutum ya latsa labari, kanun ya fito, sakin layi na farko ya biyo baya, daga nan sai wani fili toka-toka ya tsaya a tsakiyar shafin yana jiran hoton da ya ƙi sauka. Ya haƙura ya ci gaba da karatu a ƙasa. Yana tsakiyar jimla sai hoton ya faɗo, rubutun ya zabura ya yi ƙasa, ya rasa inda ya tsaya. Kafin ya kai ƙarshen labarin, saƙo ya shigo cewa datarsa ta kusa ƙarewa.

Galibi kamfanin sadarwa ake ɗora wa laifi, kuma yana da nasa kason. Amma wani kaso mai tsoka yana wuyan wanda ya sanya hoton, wanda sau da yawa yana zaune a ofis a Sakkwato ko Kaduna ko Abuja inda intanet ke gudu, bai kuma taɓa ganin abin da hotonsa yake yi wa wayar mai karatu a Kuchi ko Sanyinna ba. Shi ma ba da mugunta ya yi ba. Hanyar da aka ba shi ta sanya hoto ce take da wahala, shi kuwa ya bi wadda ta fi kusa da hannunsa.

Nawa ne nauyin hoto ɗaya?

Kyamarar waya mai megafiksel 12 tana ɗaukar hoto mai ɗigo 4,000 a faɗi da 3,000 a tsayi, kuma nauyin irin wannan hoto yakan kai MB 3 zuwa 5. Ƙaramar fuskar wayar da za a kalle shi a kai ba ta buƙatar fiye da ɗigo 800 zuwa 1,000 a faɗi. Idan aka ɗora hoton yadda kyamara ta ɗauke shi, wayar mai karatu za ta sauke nauyin gaba ɗaya, sannan ta matse shi ya dace da fuskarta. An yi hayar tirela ke nan don a kai mudu ɗaya na gero.

Lissafin ba shi da wuya. Labari mai hotuna biyar, kowanne MB 4, ya ci MB 20. Wanda ya sayi data GB 1 zai karanta irin wannan labari 50 kacal ta ƙare. Idan kuwa aka rage kowane hoto ya koma ɗigo 800 a faɗi, aka matse shi zuwa kimanin KB 100, hotunan biyar ba su wuce rabin MB ba, kuma wannan GB 1 ɗin za ta ɗauki labarai kusan 2,000. A kan waya, ido ba kasafai yake bambance hoton farko da na biyu ba.

Haka lamarin yake ta fuskar lokaci. Inda sabis ya sauka zuwa E, a ce yana jan KB 25 a daƙiƙa, hoto mai MB 4 zai ɗauki fiye da minti biyu da rabi kafin ya kammala sauka. Mai KB 100 zai sauka cikin daƙiƙa huɗu. Ɗan kasuwar da ke son ganin yadda buhunan albasa suka cika kasuwa kafin ya yanke shawarar tura mota ba zai jira minti biyu da rabi ba. Zai rufe shafin ya kira wani a waya.

Tun watan Janairun 2025, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da abin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba, wannan lissafi ya ƙara shiga aljihun kowa. Mai shafi ba ya biyan ko kwabo a kan nauyin da ya jibga. Mai karatu ne yake biya, kuma wanda ya fi nisa da birni shi ya fi jin jiki.

Mai shayi da gidan burodi

Shafukan intanet iri biyu ne ta fuskar yadda suke isa ga mai karatu. Akwai wanda ake haɗa shi nan take duk lokacin da wani ya nema. Kwamfutar da ke ɗauke da shafin, wadda ake kira sabar, takan shiga rumbun bayanai ta ɗebo rubutu, ta ɗebo hotuna, ta jera su a kan tsari, sannan ta miƙa. Kamar teburin mai shayi ne: kowane baƙo sai an fasa masa ƙwai an soya a gabansa. Haka WordPress yake aiki, manhajar da Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003, wadda a yau take ɗauke da fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya.

Ɗaya nau'in shi ne kafaffen shafi. A nan ana gasa dukkan shafukan tun kafin kowa ya nema, kamar yadda gidan burodi yake gasawa da asuba. Sabar ba ta da wani aiki sai miƙa abin da yake a shirye. Shafin farko da Tim Berners-Lee ya buɗe wa duniya daga cibiyar bincike ta CERN a 1991 irin wannan ne. Daga baya aka samu manhajojin da suke yin gashin da kansu, irin su Jekyll da Tom Preston-Werner ya fitar a 2008, da Hugo da Steve Francia ya fara a 2013.

Amfanin kafaffen shafi a fili yake ga ƙaramar ma'aikata. Yana buɗewa da sauri. Kuɗin ajiye shi kaɗan ne, akwai ma kamfanonin da ke ajiye shi kyauta, kamar GitHub Pages. Ba shi da rumbun bayanan da ɓarayin intanet za su fasa, kuma ba ya buƙatar a riƙa sabunta ƙananan manhajoji kowane wata don toshe kafa. Makaranta, ko ƙungiyar 'yan kasuwa, ko sashen yaɗa labarai na ƙaramar hukuma, waɗanda ba su da ma'aikacin kwamfuta na dindindin, irin wannan shafi ya fi dacewa da ƙarfinsu.

Sai dai yana da tsadarsa ta wani gefen. A WordPress akwai maɓallin da ake latsawa a zaɓi hoto, manhajar kuma ta rage girmansa da kanta. A kafaffen shafi, yadda yake zuwa tun farko, babu wannan maɓalli. Marubuci ne zai rubuta umarnin da ke gaya wa shafin inda hoton yake da yadda za a nuna shi. A nan ne yawancin masu niyyar kirki suke tuntuɓe.

Yadda layi ɗaya ya zama goma sha biyar

A ranar 25 ga Fabrairun 1993, wani ɗalibi a Jami'ar Illinois ta Amurka mai suna Marc Andreessen, wanda yake cikin masu gina burauzar Mosaic, ya gabatar wa sauran masu wannan aiki shawarar ƙirƙiro wata alama mai suna IMG. Aikinta ɗaya ne: ta nuna adireshin hoto, burauza ta ɗauko shi ta ajiye a cikin rubutu. Layi ɗaya ne, kuma har gobe yana aiki.

Amma duniyar da aka rubuta shi dominta ta wuce. A lokacin kowa a kan kwamfutar tebur yake kallo. Yanzu shafi ɗaya zai buɗe a kan babban allon ofis da kuma kan ƙaramar wayar Android ta hannu, don haka aka ƙaro umarnin da ke ba burauza jerin kwafi daban-daban na hoto ɗaya, ta zaɓi wanda ya dace da fuskar da take kai. Aka ƙaro sababbin hanyoyin matse hoto: bayan JPEG na 1992 da PNG na 1996, Google ya fito da WebP a 2010, sai AVIF a 2019, kowanne yana rage nauyi fiye da na gabansa, amma tsofaffin wayoyi ba duka suke gane sabon ba, don haka sai an ajiye musu tsohon a gefe. Aka ƙaro alamar da ke ɗaure hoto da bayanin da ke ƙasansa, wadda ta zo da HTML5 da aka tabbatar a 2014. Aka ƙaro umarnin jinkiri, wanda burauzar Chrome ta fara karɓa a 2019, mai hana hoton da ke can ƙasan shafi sauka sai mai karatu ya kusa isa gare shi. Sannan dole a rubuta faɗi da tsayin hoton, don burauza ta keɓe masa fili tun kafin ya iso. Rashin wannan ne yake sa rubutu ya riƙa zabura.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙari alheri ne ga mai karatun Kebbe. Idan aka tara su, hoto ɗaya yana iya buƙatar layi goma zuwa goma sha biyar na umarni, da kwafi uku ko shida na fayil ɗin. Ba a ɗauki jami'in yaɗa labarai ko wakilin jarida aiki don wannan ba. Abin da yakan faru shi ne ɗayan biyu. Ko dai ya watsar da duka ya koma layi ɗaya na 1993 da hoto mai MB 4, ko kuma ya kwafo umarnin labarin jiya ya canza sunan fayil ya manta bai canza bayanin ƙasa ba. Ta haka ne hoton rijiyar burtsatse yake fitowa da bayanin rabon taki.

Mayar da aikin ga na'ura

A zamanin da ake buga jarida da dalma, irin zamanin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, sai an mayar da hoto kan farantin ƙarfe kafin ya hau takarda. Aiki ne na gwanaye, kuma ba a taɓa tsammanin mai kawo labari ya iya shi ba. Nasa shi ne ya kawo hoton, ya faɗi wane ne a ciki, a ina, yaushe. Sauran na ma'aikatan maɗaba'a ne. Sauƙaƙawar da ake magana a kai a yau ba ta wuce dawo da wannan rabon aiki ba, sai dai yanzu manhaja ce take zaune a mazaunin maɗaba'a.

Matakin farko na tsari ne kawai, ba ya buƙatar wata fasaha. Kowane labari a ba shi jakarsa a cikin kwamfuta, rubutun da hotunansa su zauna tare a ciki. Da zarar an yi haka, marubuci ba ya buƙatar dogon adireshi. Sunan fayil ya isa. Idan aka matsar da labarin, hotunansa suna biye da shi. Waɗanda suka tara hotunan shekara biyar a jaka ɗaya, da sunaye irin waɗanda kyamara ke bayarwa, sun san ranar da ake neman hoto ɗaya a rasa.

Sai kuma yadda ake kiran hoton a cikin rubutu. A 2004 John Gruber ya fitar da Markdown, wata hanyar rubutu mai sauƙi da manhaja take juyawa zuwa shafin intanet. A cikinta, sanya hoto layi ɗaya ne:

![Buhunan albasa jere a bakin hanya](albasa.jpg "Kasuwar Tambuwal, da rani")

Abin da ke cikin baka ta farko shi ne siffanta hoton. Sai sunan fayil. Sai bayanin da zai fito a ƙasansa. Wanda ya iya tura saƙo a WhatsApp zai koyi wannan cikin minti biyar.

Babban aikin yana wuri na uku, kuma sau ɗaya ake yinsa. Mai gina shafin zai rubuta ƙa'ida guda da ke cewa: duk inda aka ga irin wannan layi, a ɗauki hoton, a yanka shi gida uku, ƙarami da matsakaici da babba, a matse kowanne, a auna faɗi da tsayi a rubuta, a sa umarnin jinkiri, a ɗaura bayanin a ƙasa. Hugo yana da wannan dama a cikinsa, sauran manhajojin ma suna da makamanciyarta. Daga ranar, marubuci yana rubuta layinsa ɗaya, na'ura tana fitar da goma sha biyar ɗin, ba ta gajiya kuma ba ta mantuwa.

Ma'aikatan gwamnati za su gane hikimar da sauri, domin ita ce hikimar takarda mai kan ofis. Ba kowane akawu ne yake zana tambarin ma'aikata a kan wasiƙarsa ba. An buga shi sau ɗaya, kowa yana rubutu a ƙasa. Bambancin shi ne, a kafaffen shafi, idan aka canza ƙa'idar aka sake gashi, har labaran shekarun baya sukan bi sabon tsarin. In gobe aka samu hanyar matse hoto da ta fi ta yau, fayil ɗaya za a taɓa, hotuna dubu su sauya.

Ana kuma iya sa ƙa'idar ta zama mai tsauri. Idan marubuci ya kira hoton da babu shi a jakar, ko ya bar gurbin siffantawa fayau, manhajar ta ƙi kammala gashin ta nuna masa layin da matsalar take. Wannan yakan ba sababbin ma'aikata haushi a makon farko. Amma gara kuskuren ya tsaya a teburin marubuci da ya fita ya tarar da mai karatu.

Wani ƙaramin abu da ya shafi masu rubutu da Hausa: haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, suna zama lafiya a cikin rubutu da bayanin hoto, amma a sunan fayil sukan rikiɗe su zama jerin alamomi a adireshi, wani lokacin hoton ya ɓata tsakanin kwamfuta da sabar. Abin da ya fi aminci shi ne sunan fayil ya kasance da ƙananan haruffa marasa lanƙwasa, babu tazara, a bar ingantacciyar Hausa ga abin da mutum zai karanta.

Abin da na'ura ba za ta rubuta ba

Da aka ɗauke wa marubuci wahalar umarni, abin da ya rage masa shi ne ainihin aikinsa, kuma a nan ne shafuka da yawa suke kasawa.

Siffanta hoto, wato kalmomin da ke cikin bakar farko, an tanade su tun cikin ƙa'idar HTML ta 1995 domin su tsaya a madadin hoton idan bai fito ba. Makafi masu amfani da manhajar da ke karanta musu fuskar waya, kamar TalkBack ta Android, da waɗannan kalmomi suke sanin abin da ke cikin hoto. Najeriya tana da dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman tun Janairun 2019, kuma shafin hukuma da makaho ba zai iya bi ba ya saɓa wa manufarta. Amma a yankin da sabis ke yankewa, mai ido ma yakan koma matsayin makaho game da hoto. Idan an rubuta siffantawar da kyau, wanda hoton ya ƙi buɗe masa zai ga “gadar da ruwa ya cinye gefenta na gabas” a gurbin, ya fahimci labarin ya wuce. Idan an rubuta “hoto” kawai, ko an bar sunan da kyamara ta bayar, bai ƙaru da komai ba.

Bayanin ƙasan hoto kuwa maganar gaskiya ce da amana. Kowa ya ga yadda tsohon hoton hari ko ambaliya daga wata jiha, wani lokacin ma daga wata ƙasa, yake dawowa a WhatsApp da sunan wani ƙauye na kusa. Shafin da ya ɗabi'antu da rubuta wuri da lokaci da sunan mai ɗauka a ƙasan kowane hoto yana ba mai karatu abin da zai kafa hujja da shi. Sunan mai ɗaukar ma haƙƙi ne: sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris ɗin 2023 ta shafi hotuna kamar yadda ta shafi littattafai da waƙoƙi. Idan gurbin wannan bayani yana cikin layin da marubuci yake cikewa kullum, cika shi yakan zama al'ada.

Akwai kuma abin da ba a gani. Wayar da aka kunna mata sanin wuri takan rubuta a cikin fayil ɗin hoto ainihin inda aka tsaya aka ɗauka, da rana da sa'a da irin wayar. Facebook da WhatsApp sukan goge wannan daga kwafin da jama'a ke gani idan aka tura shi a matsayin hoto, shi ya sa mutane da yawa ba su san da shi ba. A shafin da mutum ya gina da kansa, babu mai goge masa. Wanda ya ɗora hoton rumbun hatsi, ko garken shanu, ko gidan wani da ya ba da shaida a kan 'yan bindiga, yadda kyamara ta ɗauke shi, ya wallafa taswirar wurin tare da hoton. A ƙasar da ke iyaka da Zamfara kamar Kebbe, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Hugo yana zubar da waɗannan ɓoyayyun bayanai daga duk kwafin da ya sarrafa, muddin an tsara shafin yadda ainihin fayil ɗin ba zai fita tare da su ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin hana kowa sanya hoto ta bayan ƙa'idar.

Takardar da aka ɗauka a hoto

Wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a ofisoshi ita ce ɗaukar hoton sanarwa a wallafa. An buga takarda, an sa hannu, an buga hatimi, sai wani ya ɗora ta a kan tebur ya ɗauka da waya, da inuwar hannunsa a gefe. Jadawalin tantance ma'aikata, jerin sunayen waɗanda suka samu tallafi, farashin kaya, duk haka suke yawo.

Dalilin a fahimce yake: hatimi da sa hannu su ne shaidar cewa takardar ta gaskiya ce. Amma rubutun shafi ɗaya bai fi 'yan KB ba, hotonsa kuwa yana iya ninka shi sau ɗari ko fiye. Ba a iya neman suna a cikinsa, ba a iya kwafe lamba, manhajar makafi ba ta da tabbacin karanta shi, kuma idan aka matse shi sosai ƙananan lambobi sukan dushe har 3 ta yi kama da 8. Hanyar da ta fi ita ce a buga abin da takardar ta ƙunsa a matsayin rubutu, sannan a sa hoton a ƙasa don shaida. Haka ma zane-zanen lissafi da taswira: akwai tsarin SVG, wanda aka tabbatar tun 2001, da ke ajiye zane a matsayin layuka maimakon ɗigo, ba ya dushewa komai girman da aka ja shi, kuma sauƙaƙan zane a cikinsa ba su da nauyi.

Wannan ya ƙara muhimmanci tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 a kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi. Duk ƙaramar hukumar da ta so nuna wa jama'arta abin da ta yi da kuɗinsu, da hoto za ta nuna: ajin da aka gyara, asibitin da aka yi wa rufi, kwalbatin da aka gina. Idan hotunan ba sa buɗewa sai a babban birnin jiha, to waɗanda suke zaune kusa da ajin, su da za su iya cewa an yi ko ba a yi ba, su ne aka bari a baya.

Wasu sun kai wannan tunani nesa. A 2018 mujallar Low-tech Magazine ta Kris De Decker ta mayar da shafinta kafaffe, ta ɗora shi a kan 'yar ƙaramar kwamfuta mai aiki da hasken rana a Barcelona ta ƙasar Sifaniya, ta kuma rage hotunanta zuwa launuka kaɗan masu ɗigo-ɗigo irin na tsohuwar jarida. Idan hadari ya daɗe, shafin yakan ɗauke. Ba kowa ne zai je can ba, kuma mai sayar da atamfa yana buƙatar launin kayansa ya fito sosai. Amma gwajin ya nuna yawan nauyin da za a iya zubarwa ba tare da labari ya rasa ma'anarsa ba.

Kafaffen shafi ba maganin kowace cuta ba ne. Jaridar da ke fitar da labarai ɗari a rana da ma'aikata hamsin tana buƙatar abin da ya fi shi. Tsara ƙa'idar hoton da farko sai da wanda ya san aikin, kuma idan ya tafi bai bar bayani a rubuce ba, ofis yana iya wayar gari da shafin da babu mai iya taɓawa. Akwai kuma ranar da babu dabarar da za ta yi aiki, kamar watan Satumban 2021 da gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sanar da katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar saboda matsalar tsaro. Ko a irin wannan hali, shafi mara nauyi ya fi sauƙin adanawa a waya a inda ake da sabis, a kai shi gida a tura wa wasu ta Xender ko Bluetooth.

Ga ofis ko ƙungiyar da ke shirin ba da kwangilar gina shafi, akwai tambayoyin da shugaba zai iya yi ko da bai san komai a kwamfuta ba. Ya nemi a nuna masa abin da ma'aikacinsa zai rubuta don sanya hoto ɗaya. In ya wuce layi ɗaya ko biyu, aikin bai ƙare ba. Ya nemi a gaya masa nauyin labari mai hotuna biyar da lamba. Burauzar Chrome ta kwamfuta tana da wurin da ke nuna wannan lambar, tana kuma iya kwaikwayon sabis mai rauni don a ga yadda shafin zai yi. Wanda bai gamsu da kwaikwayo ba, ya ba direban da ke zuwa Kebbe adireshin shafin da wayar da ta kwana biyu, ya ce ya buɗe shi a inda alamar ta koma E, ya ƙirga daƙiƙoƙin.